Layin tayil ya tsage bayan ka cike shi da hannunka: inda za ka duba kafin ka sake damawa

Kwana uku ko huɗu da gama cike layukan tayil ɗin falo, sai ka ga wani siririn zare baƙi ya bi tsakiyar layi, ko tsintsiya ta fara kwaso farin gari daga bakin ƙofa. Abin da zai fara zuwa maka shi ne ragowar garin da ke cikin leda: a dama kaɗan, a shafe tsagar, a goge. Dakata tukuna. Abin da za ka shafa a sama bai fi kaurin ɓawon albasa ba, mako biyu ya yi yawa zai ɓare, kuma ka rufe shaidar da za ta nuna maka inda ciwon yake.

Simintin cike layi, wanda masu shagon kayan gini a Kumasi ke kira girawut, wasu kuma su ce fila, ba shi ke riƙe tayil ba, kuma ba ya lanƙwasa. Aikinsa kawai ya toshe tsakani, kada datti da ruwa su shiga, kada kuma bakin tayil ya gutsure. Shi ne mafi rauni a duk abin da ke ƙarƙashin ƙafarka, shi ya sa kome ya motsa a jikinsa ake fara gani. Laifin yana ɗaya daga wurare uku: bokitin da aka dama shi, ƙarƙashin tayil ɗin, ko daɓen ginin kansa. Na farko gyaran wuni ɗaya ne. Na biyu sai an ɗaga tayil. Na uku kuwa wani lokaci ya fi ƙarfin mai gyara da kansa.

Karanta tsagar

Kayan binciken ba su da tsada: ƙusa mai inci 3, tsabar sidi ɗaya, alli, da fitilar waya. Kwantar da fitilar a ƙasa yadda haskenta zai bi saman tayil a kwance, nan za ka ga tsagar da ido bai gani daga tsaye.

Fara da ƙusa. Karci layin a inda bai tsage ba. Girawut mai lafiya da ya kwana bakwai sai dai ƙusa ta bar masa ɗan farin zane. Idan ya rududduge kamar busasshen ƙuli-ƙuli, yana fitar da gari, to damun ne ya lalace, kuma duk inda wannan bokitin ya kai haka yake, ko ya tsage ko bai tsage ba tukuna.

Sai tsabar kuɗin. Ƙwanƙwasa kowane tayil da ke gefen tsagar, tsakiya da kusurwa huɗu. Tayil ɗin da ya zauna sosai yana ba da sauti gajere, mai nauyi. Wanda ke da rami a ƙarƙashi yana amsawa kamar ƙwarya a kife. Yi wa duk mai irin wannan sautin alama da alli. Daga nan ka sa wani ya taka kusurwar tayil ɗin da duga-dugi, kai kuma ka ɗora ɗan yatsa a kan layin. Motsin da ido ba zai gani ba, yatsa zai ji shi.

Bayan haka ka miƙe tsaye ka dubi yadda tsagar ta tafi. Ƙanana ƙanana da suka gitta layi nan da can, kamar fasau a ƙafa, alamar ƙanƙancewa ce wajen bushewa. Wadda ta zagaye tayil ɗaya ko biyu ta bi gefe, tana raba girawut da bakin tayil, tayil ɗin ne ke motsi. Wadda ke bin bango, ko bakin ƙofa, ko inda falo ya haɗu da baranda, rashin wurin miƙewa ne. Wadda kuma ta miƙe doguwa daga wannan bango zuwa wancan, har ta fasa tayil a hanyarta ba ta kauce ba, wannan daga kankaren ƙasa ta taso.

Abin da ke faruwa a cikin bokiti

A nan mafi yawan masu yi da kansu ke faɗuwa, kuma ruwa ne ke kayar da su. Girawut mai ruwa-ruwa yana da daɗin aiki, yana kwarara cikin layi da kansa, hannu ba ya gajiya. Amma siminti ruwa kaɗan yake sha ya ƙulle. Rarar tana zaune ne a tsakanin ƙwayoyin garin, tana cin wuri, in ta tashi sai ta bar ramuka inda take. Layin ya ƙanƙance, ya lotsa a tsakiya, ya tsage, launinsa kuma ya koɗe ya yi dabbare-dabbare.

Awon yana rubuce a bayan buhu, shi za ka bi, domin kowane kamfani da nasa. Yawanci buhun kilo 5 yana shan tsakanin lita 1.3 da lita 1.6. Ma'aunin da ya fi sauƙin samu a kowane lungu na Aboabo ko Asawase a Kumasi shi ne ruwan leda, tunda kowace leda rabin lita ce: leda 3 lita ɗaya da rabi ke nan. Ga kilo 1 na gari, rabin leda da ɗan ƙari. Ruwan ledan yana da wata fa'idar kuma, tsabtatacce ne. Ruwan rijiya mai gishiri-gishiri ko mai jan ƙarfe yana ɓata launin farin girawut, ruwan da ya wuni a cikin baƙin tanki a rana kuma zafinsa yana sa damun ya kama da wuri kafin ka kai rabin ɗaki.

Zuba ruwa a bokiti tukuna, sannan gari a kai kaɗan kaɗan kana juyawa. Abin da kake nema kaurin markaɗen gyaɗa na miya: ka ɗebo da cokalin gini, ka karkata, ya maƙale na ɗan lokaci kafin ya faɗo dunƙule guda. In yana zuba kamar koko, ya yi ruwa. In yana tsayawa kamar tuwon zafi har yana gutsurewa, ba zai shiga ƙasan layi ba. Ka bar shi ya huta minti 5 zuwa 10, sinadaran cikinsa su jiƙa, ka sake juyawa ba tare da ƙara ko ɗigon ruwa ba. Mutane da yawa suna tsallake wannan hutun, alhali shi ke sa damun ya yi laushi ba da ƙarin ruwa ba. Mai amfani da injin huda bango wajen damawa ya sa shi a hankali, gudu yana cusa iska, iska kuma ramuka ce.

Kada ka dama fiye da abin da za ka shafe cikin minti 20 zuwa 30. Buhu zai iya cewa awa ɗaya ko fiye, amma wannan lissafin ɗaki mai sanyi ne, ba falon da kwano ya gasa da azahar ba. Idan damun ya fara tauri a bokiti, zubar da shi. Ƙara masa ruwa a juya yana dawo da laushin a ido kawai, ƙullin da simintin ya fara ya riga ya karye, kuma ba ya komawa. Yawancin ɗakunan da za ka ga rabinsu lafiya, rabin da ke wajen ƙofa yana gari, labarinsu ke nan: ƙarshen bokiti ne aka farfaɗo da ruwa.

Ruwa yana sake shiga ta hanyar soso. Mutum ya dama daidai, ya cike daidai, sannan ya zo da soso sharkaf yana wanke tayil kamar mai wankin mota. Wannan ruwan yana kwashe simintin saman layi ya bar yashi tsirara. A jira minti 15 zuwa 30, har ka danna layin da yatsa bai manne maka ba. A matse soso har ya daina ɗiga, a ja shi a karkace bisa layi, sau ɗaya, a juya ɗaya gefen, sau ɗaya, a ɗauraye. Hazon da ya rage a saman tayil busasshen tsumma ne zai ɗauke shi bayan awa biyu ko uku.

Irin garin ma yana da magana. Akwai mai laushi marar yashi, na layin da bai kai milimita 3 ba, akwai mai yashi na layi mai faɗi. Yashin shi ne ƙashin da ke hana ƙanƙancewa. Ka cusa marar yashi a layin milimita 6, dole ya tsage ko da damunka ya fi na kowa kyau. Kowane buhu yana ɗauke da faɗin layin da aka yi shi dominsa, ka auna naka kafin ka je shago. In ka ga an rubuta CG2 a jiki, wannan ajin da aka inganta ne, ya fi jure gogayya kuma bai cika shan ruwa ba, ya kuma cancanci ɗan ƙarin kuɗin.

Sai tsohuwar al'adar nan ta dama zallar siminti, fari ko baƙi, a kwarara a layi a share da tsumma. Tana da araha, kuma a tayil ɗin da aka manne baki da baki takan ɗan jima. Amma zallar siminti ba yashi ba sinadarin riƙe ruwa, ita ta fi kome ƙanƙancewa. A ra'ayinmu, wanda ya iya sayen tayil na ɗaki guda bai kamata ya yi rowar buhun girawut ɗaya ba, musamman in ya ga ɗan abin da ake bukata. Lissafin haka yake, duka da milimita: tara tsawon tayil da faɗinsa, raba da abin da tsawon sau faɗin ya bayar, ninka da kaurin tayil, ninka da faɗin layi, ninka da 1.6. Abin da ya fito shi ne kilo a kowace murabba'in mita. Tayil mai 600 da 600, kauri 10, layi 3, yana cin kilo 0.16. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 bai wuce murabba'in mita 13 da rabi ba, wato kilo 2 da ɗan ɗoriya. Ƙananan tayil masu 300 da 300, kauri 8, layi 3, sun fi ci, wajen kilo 0.26, don layukansu sun fi yawa. Ka ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari saboda abin da zai bi soso.

Hunturu da damina

Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke sauko wa Kumasi, akasin matsalar yawan ruwa ake samu. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, haɗuwa yake da ruwa, kuma haɗuwar tana ɗaukar kwanaki. In iska ta zuƙe ruwan cikin awa biyu, aikin ya tsaya a rabi, sai a sami layi mai kyan gani amma ƙusa na shiga. Tayil na yumɓu mai jan baya ma yana tsotsar ruwa ta gefensa. Maganin: rufe taga, kashe fanka, shafa gefen layukan da soso mai danshi kafin ka fara, amma kada ruwa ya kwanta a ciki. Washegari da jibi ka yi wa layukan ɗan feshi da kwalbar fesa ruwa, safe da yamma. A baranda ko tsakar gida, a yi aikin da sassafe ko bayan la'asar, a rufe da kwali ko tsohon zane mai danshi. Kada a shimfiɗa leda kai tsaye a kan girawut mai launi, gumin da ke taruwa a ƙarƙashinta yana barin tabo.

Da damina kuwa, daga wajen Afrilu zuwa Yuli da kuma Satumba zuwa Oktoba, danshin ƙasa ne abin dubawa, musamman a gidajen da ke gangare kusa da rafin Aboabo ko Subin. Farin gishiri da ke tsatsafowa a layi, ka share ya dawo, alamar ruwa ne ke hawowa daga ƙasa. Sabon girawut ba zai hana shi ba.

Zurfin layi da gaggawa

Layi ya cika tun daga ƙasa har sama. In gam ko simintin da aka ɗora tayil a kai ya kumburo ya cike rabin layin, abin da girawut zai samu bai fi milimita 2 ko 3 ba, kuma a nan zai fara ɓarewa. Kafin cikewa a kankare layukan har aƙalla kashi biyu cikin uku na kaurin tayil su zama fanko, a cire 'yan robobin tazara gaba ɗaya, kada a danna su ƙasa a binne. Duk inda aka binne roba, nan za ka ga ɗan gicciye ya tsage bayan wata guda.

Wajen cusawa, faranti mai fuskar roba ake riƙewa a karkace, a danna da ƙarfi, a bi layin ta fuska biyu ko uku. Shafawa sama-sama tana yin gada ne a bakin layi, ƙasa kuma rami. Ƙafar kujera ta hau, gadar ta rufta.

Gaggawa ma tana da nata rabon. Tayil da aka ɗora da gam yana son aƙalla awa 24 kafin a cike layinsa, manya irin 600 da 600 na fosilin, wato tayil mai tauri da kusan ba ya shan ruwa, gara awa 48, domin ta layukan nan ne kaɗai danshin ƙasa ke fita. Wanda aka ɗora a kan kaurin yashi da siminti a ba shi kwana 2 zuwa 3. Mun san yadda abin yake: saura kwana huɗu Sallah, ko amarya na tarewa Juma'a, ana so a ga falo ya haɗu. Amma tayil da ka durƙusa a kai alhali ƙasansa bai kama ba ya riga ya ɗan nutse, kuma zai ci gaba da zama bayan girawut ya ƙulle.

Idan tayil ne ke motsi

Waɗanda ka yi wa alama da alli, su ne wannan. Abin da ya fi jawo shi shi ne ɗora tayil a kan dunƙule biyar, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, don a yi sauri kuma a rage gam. Tsakanin dunƙulen iska ce. Ƙa'idar aikin ita ce gam ya kama aƙalla kashi 80 cikin ɗari na bayan tayil a ɗaki, kashi 95 a banɗaki da waje. Na biyu shi ne ɗora fosilin da zallar yashi da siminti. Fosilin kusan ba ya shan ruwa, abin da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba, saboda haka siminti ba ya samun inda zai kama. Zai zauna wata shida kamar lafiya, rannan ka ɗaga shi ka ga bayansa fes kamar ba a taɓa shafa masa kome ba. Fosilin gam yake so, wanda aka rubuta C2 a buhunsa.

Ba kowane tayil mai sautin ƙwarya ne sai an ɗaga ba. In ɗan wuri ne a tsakiya, layin da ke kewaye lafiya, kuma a ƙarƙashin gado yake, ƙyale shi. In kusurwa ce ke amsawa, yatsa ya ji motsi, kuma hanyar wucewa ce, sai an cire. Kankare girawut ɗin da ke kewaye da shi duka tukuna, har ƙasa, don kada bugu ya ratsa zuwa maƙwabtansa. Wanda ya riga ya saki gaba ɗaya wani lokaci yakan taso lafiya in an zura siririn ƙarfe a hankali. Wanda rabinsa ya kama sai dai a fasa shi daga tsakiya, a bi da kurfi zuwa gefe, ba daga gefe zuwa tsakiya ba. Sa tabarau, ɓarɓashin fosilin kaifinsa na kwalba ne. Fere tsohon gam har ka sami zurfin da sabo zai zauna, share ƙura, shimfiɗa gam da cokali mai haƙora na milimita 10 zuwa 12, layukan haƙoran su bi fuska ɗaya, shafa siririn gam a bayan tayil ɗin ma, ɗora, ka ɗan goga shi gaba da baya a gicciyen layukan don su kwanta. Ɗora katako miƙaƙƙe ka ga ya yi daidai da na gefe. Kwana ɗaya ko biyu, sannan girawut.

Bakin bango da bakin ƙofa

Tayil yana miƙewa da zafi. Jeri mai tsawon mita 6, in zafinsa ya ƙaru da digiri 25, kamar yadda ke faruwa a barandar da rana ke duka, yana ƙara kusan milimita 1. Kankaren da ke ƙasa kuma, in sabo ne, ƙanƙancewa yake yi yana bushewa, har yakan kai rabin milimita a kowace mita. Ɗaya na turawa, ɗaya na ja. In an manne tayil da bango an cike da siminti, ƙarfin ba shi da mafita. Farko girawut ya murƙushe a wasu layuka, daga baya wata rana a ji ƙara kamar an fasa faranti, a tarar da tayil biyu sun tashi sun jingina da juna a tsakiyar falo kamar rufin bukka.

Saboda haka ake barin tazarar milimita 6 zuwa 10 a duk kewayen ɗaki, da jikin ginshiƙi, da bututu. Tayil ɗin ƙafar bango yana rufe ta, ba mai gani. Ba a sa girawut a nan. In ana so a toshe saboda ƙwari ko ruwa, silikon ake sawa, wato abin toshe tsaga mai laushi kamar roba. Haka bakin ƙofa tsakanin ɗaki da falo, da kusurwar da ƙasa ta haɗu da bango a banɗaki. Babban wuri kamar masallaci, shago ko dogon zaure yana son layi mai laushi, wanda aka cika da silikon, a kowace mita 6 zuwa 7 da rabi, a waje ko inda rana ke bugawa kuma kowace mita 3 ko ƙasa da haka kaɗan.

Idan naka an riga an manne, akwai gyara. Cire tayil ɗin ƙafar bango, bi gefen da injin yanka mai faifan daimon ka buɗe tazarar, ko kuma ka zaɓi layi ɗaya a tsakiyar babban falo ka kankare shi har ƙasa ka cika da silikon mai launin girawut ɗin. Manna tef a gefe biyu, matsa silikon, lallashe shi da yatsa da ruwan sabulu, cire tef ɗin nan take tun bai yi fata ba.

Idan kankare ne

Doguwar tsagar da ta fasa tayil, ka yi wa ƙarshenta biyu alama da fensir, ka rubuta kwanan wata, ka dawo bayan mako huɗu ko shida. In ta tsaya inda take kuma gefenta biyu daidai suke, tsagar bushewar kankare ce, yawanci don an ɗora tayil kafin kankaren ya cika kwana 28 ko daɓen saman ya yi mako uku. Ana ɗaga tayil ɗin da ke kanta, a shimfiɗa tabarmar roba ta musamman mai raba tayil da tsaga, a mayar, a sa silikon a layin da ya fi kusa. In kuwa tana ƙaruwa, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu har farce na tuntuɓe, ko ka ga 'yar'uwarta a bango, to cikon jar ƙasar da ke ƙarƙashi ne ke zama, ko tushen ginin. Wannan aikin injiniya ne. Ɗan haya ya ɗauki hoto ya kai wa mai gida tun da wuri: «Alhaji, ga abin da na gani, a zo a duba tun bai yi nisa ba.» Hakan ya fi a zo ranar tashi ana ce-ce-ku-ce kan wa ya fasa.

Sake cikewa

Idan bincike ya nuna damu ne kawai, kankarewa ce aikin, kuma ita ce mai gajiyarwa. Akwai ɗan zarton hannu na kankare layi a shagunan tayil. Girawut mai gari yana fita da shi cikin sauƙi, har da tsinin tsohuwar sukundireba. Injin yanka yana da sauri amma kuskure ɗaya ya gutsure bakin tayil, wanda bai saba ba ya bar shi. Kowanne ka ɗauka, rufe hanci da takunkumi na gaske, ƙurar siminti da yashi tana zama a huhu. Kankare aƙalla kashi biyu cikin uku na zurfin, ka kuma goge gefen tayil ɗin ya fita fes, domin a gefen ne sabon zai kama, ba a kan tsohon ba. Kada ka tsaya a tsakiyar layi, kai shi mahaɗa zuwa mahaɗa, nan bambancin launi ke ɓuya. Share da burushi, zuƙe ƙurar in akwai inji, shafa danshi, sannan ka dama kamar yadda aka faɗa a sama. Sa safar roba, siminti yana cin fata.

Launin sabo ba zai zo daidai da tsoho ba ko da buhu ɗaya ne, kuma jiƙaƙƙe ya fi busasshe duhu. Shafa kaɗan a kan kwali ka bar shi ya kwana kafin ka yanke hukunci.

A hana takawa awa 24. Kujeru, firji da gado su jira kwana 3. Mofa da ruwa mai yawa sai bayan mako guda. Kuma a yi nesa da asid ɗin nan da ake sayarwa a galan don wanke tayil bayan gini. Yana cire tabon siminti ne domin yana narkar da siminti, girawut kuwa siminti ne, wanki biyu ko uku sun isa su mai da layi mai ƙarfi ya koma yashi. In dole sai an yi amfani da shi, a bari girawut ya yi aƙalla kwana 10, a jiƙa layukan da ruwa tukuna, a sirka shi sosai, a ɗauraye da ruwa mai yawa nan da nan. Kada a kuskura a haɗa shi da bilic a bokiti ɗaya ko a ƙasa ɗaya, hayaƙin da ke tashi guba ne.

Ragowar garin a ɗaure bakinsa a cikin leda biyu, a ɗora a kan katako nesa da ƙasa. Ranar da za ka sake buɗewa, murza shi a tafin hannu: in akwai ƙulalai masu tauri da ba sa fashewa da yatsa, danshi ya riga ya shige shi, sayi sabo.